Kwanon pho na fam 13 bai yi tsada ba

Akwai wata ɗabi'a da nake gani a wajen mutanenmu mazauna Landan, kuma ba mu kaɗai ba har su Turawan kansu suna da ita, wadda gaskiya tana ci mun tuwo a ƙwarya. Mutum zai shiga gidan abincin Italiya a kawo masa taliya 'yar cukul a tsakiyar farin faranti da ɗan tumatir a kai ya biya fam 22 ko fiye, ya fito yana murmushi har ya ɗauki hoto ya ɗora a Instagram, amma ranar da ƙaramin shagon 'yan Biyetnam na unguwarsu ya ƙara kuɗin kwanon pho, wato romon ƙashi da taliya da nama irin nasu, daga fam 11 zuwa 13 sai ka ji yana cewa haba, taliya da ruwa ce fa, waɗannan mutanen sun fara wuce gona da iri. Wani ma har sai ya hau intanet ya ba su tauraro ɗaya, ya rubuta cewa da can sun fi araha. Ni ra'ayina shi ne wannan kwanon ko a fam 13 ɗin an yi mana ragi, kuma arahar da muka saba da ita a irin waɗannan shaguna akwai waɗanda suka daɗe suna biya mana cikonta da jikinsu.

Duk wanda ya taɓa bin titin Kingsland Road a Hackney, ko Mare Street, ko ya sauka Deptford, ya san irin wurin da nake nufi. Tebura a matse kusa da juna, kujerun ma wani lokacin ba iri ɗaya ba, a kan kowane tebur gwangwanin tsinkayen cin abinci da cokula da kwalbar jan barkono mai hoton zakara, takardar jerin abinci an lulluɓe ta da leda kowane abinci da lambarsa, a can gefe wata dattijuwa tana karɓar kuɗi tana kuma daka wa na kicin tsawa da yarensu, da yamma kuma ba ka rasa yaro ɗan makaranta a teburin ƙarshe yana aikin gida. Babu wanda zai zo ya tsaya maka a kai yana tambayar ko abincin ya yi daɗi. Ka zauna, ka faɗi lamba, kafin ka gama duba wayarka an dire maka kwano yana turiri. To wannan saurin shi ke yaudarar mutane, suna ganin abin da ya iso cikin minti biyar ai ba wani aiki a cikinsa.

Alhali romon nan tun jiya yake kan wuta. Ƙashin saniya ake samowa mai ɓargo, da jela, da naman ƙirji, a fara tafasa su a zubar da ruwan farko gaba ɗaya a wanke ƙashin tas, domin in ba a yi haka ba romon zai yi duhu ya yi ƙarni. Sannan a sake zuba ruwa a rage wuta ƙasa ƙasa yadda tukunyar ba za ta yi zaɓarɓaka ba, mutum yana tsaye yana kwashe kumfa da maiƙo. A ƙona albasa da ɗanyar citta a kan wuta har bayansu ya yi baƙi a kankare, a soya kirfa da kanumfari da wani ɗan itace mai siffar tauraro ba tare da mai ba har ƙamshi ya tashi, a ɗaure a ƙyalle a jefa. Haka za a bar shi awa shida, takwas, wasu gidajen kwana yake yi. Daga baya a daidaita gishiri da sukari da ruwan kifi, kuma a nan ne ake gane hannu, saboda kaɗan ya yi yawa an ɓata aikin dare guda. Naman da ake ɗorawa a sama ɗanye ne aka yanka shi siriri sosai yadda zafin romon kaɗai zai dafa shi kafin ya iso gabanka. Ga farantin ganye a gefe, ɗoɗɗoya irin tasu da na'a-na'a da tsiron wake da lemon tsami da barkono, waɗanda sai an tsince an wanke kullum saboda ba sa kwana biyu da kyau. Gas ɗin da tukunyar nan ta sha fa, wa zai biya? Bahaushe dai ya ce kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Abincin kansa ma ɗan gudun hijira ne. A arewacin Biyetnam ya samo asali, yankin Nam Dinh da Hanoi, wajen farkon ƙarni na 20 lokacin mulkin Faransa. Da aka raba ƙasar biyu a 1954 mutane kusan miliyan ɗaya suka kwararo kudu, suka zo da shi Saigon babban birnin kudun, a can ne aka ƙara masa ɗan zaƙi da wannan tarin ganyen. Sai kuma 30 ga Afrilun 1975 da Saigon ta faɗa hannun sojojin arewa, aka shiga sabuwar hijira. Tsakanin wannan shekarar da 1995 mutum wajen 800,000 ne suka tsallaka teku a ƙananan jiragen kamun kifi suka isa Malesiya da Tailan da Indonesiya da Hong Kong da rai, waɗanda teku ta cinye ko 'yan fashin teku suka kashe kuwa dubbai ne masu yawa. Wannan kwalbar barkonon mai zakara da ke kan tebur, kamfanin Huy Fong ne ke yin ta a Kalifoniya, wanda ya kafa shi David Tran ya sa masa sunan jirgin da ya fito da shi daga ƙasar ne.

Birtaniya a 1979, zamanin Margaret Thatcher, ta yarda ta ɗauki mutum 10,000 daga sansanonin Hong Kong, kuma da yawansu 'yan arewa ne masu asalin Sin waɗanda rikicin Biyetnam da Sin ya koro. Gwamnati ta ɗauko wata dabara wadda a ganina zalunci ce ko da da kyakkyawar niyya aka yi ta, wato ta warwatsa su iyali kaɗan kaɗan a ƙananan garuruwa wai don kada su taru wuri guda. Ka ɗauko masunci ko manomin shinkafa da ba ya jin Turanci ka ajiye shi a wani gari mai sanyi inda babu mai jin yarensa, babu inda zai sayi abin da ya saba ci, babu aiki. Ai ba a daɗe ba suka fara tattara komatsansu suna komowa Landan da Birmingham da Manchester kusa da 'yan uwansu. A Hackney da yawa suka shiga aikin ɗinki a ƙananan masana'antun tufafi, da wannan harkar ta mutu saboda an kwashe ta zuwa ƙasashen da ƙwadago ya fi araha sai suka koma abin da ke hannunsu, girki da gyaran farce. A lokacin ƙasan Kingsland Road ba wurin da mai kuɗi ke sha'awa ba ne, haya ba tsada, shi ya sa suka iya kama shaguna. Irin wannan labarin ne a unguwa ta 13 a Paris, da Westminster ta Kalifoniya inda ake kira Little Saigon, da Cabramatta a Sidni. Su suka zauna a wuraren da kowa ya guda har wuraren suka yi daraja, yanzu kuma darajar ce ke neman korarsu.

To daga ina arahar ta fito tun farko? Daga gida. Uba a kicin tun asuba, uwa a kan kanta har tsakar dare, kaka tana naɗe ƙullin nama a takardar shinkafa, yara suna dawowa daga makaranta su ɗaura atamfar aiki su hau kwasar kwanuka, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ake lissafa wa albashin awa. Kwana bakwai a mako, ba hutu. Da haka aka sayar mana da kwano fam 5 fam 6 a shekarun baya har muka ɗauka farashinsa kenan na gaskiya. Yanzu waɗancan yaran sun girma, iyayen sun yi wannan wahalar ne daman don kada su gaje ta, sun zama masu harhaɗa magunguna da akantoci da injiniyoyi, su kuma iyayen gwiwa ta fara ciwo baya ya ƙage. Dole a ɗauki ma'aikaci a biya shi. A watan Afrilun 2025 mafi ƙarancin albashi na wanda ya kai shekara 21 ya koma fam 12.21 a awa, kaga kenan kwano guda kusan ladan awa ɗaya ne na mutum ɗaya tal. A cikin fam 13 ɗin nan sama da fam 2 na gwamnati ne tun kafin a taɓa komai, tunda harajin VAT kashi 20 ne a kan abincin da aka ci a shago. Ga kuɗin gas da lantarki da suka yi tashin gwauron zabi a 2022, ga naman shanu da farashinsa ya ƙi sauka, ga haya a bakin unguwar Shoreditch, wajen ƙasan Kingsland Road, inda yanzu kamfanonin fasaha da mashaya masu tsada suka cika. In kuma ka kwanta a gida ka yi oda ta manhaja, la'adar da irin waɗannan kamfanoni ke cira takan kai har kashi 30, kusan fam 4 kenan daga wannan kwanon. Abin ya yi ƙamarin da a 2020 lokacin korona biranen San Francisco da New York sai da suka sa doka suka taƙaita la'adar kai abinci a kashi 15. Dan Allah a lissafa a gaya mun nawa ya rage wa matar da ke kan kanta.

Akwai kuma ɓangaren da ba a son faɗa. Idan jama'a suka dage sai abu ya yi araha fiye da kuɗin da aka kashe wajen yin sa, wani wuri za a matse, kuma galibi wanda ba shi da takardu ake matsewa saboda ba shi da bakin kai ƙara. A ranar 23 ga Oktoban 2019 aka buɗe wata kwantena mai firji a garin Grays da ke Essex aka tarar da gawar 'yan Biyetnam 39, ƙananan cikinsu 'yan shekara 15, da yawa daga lardunan Nghe An da Ha Tinh, iyalansu sun ci bashin fam 10,000 zuwa sama don a shigo da su. Ba ina cewa shagon unguwarku yana da hannu a wannan ba, mafi yawansu iyalai ne masu neman halaliyarsu tsakani da Allah. Abin da nake cewa shi ne wanda ya shigo da irin wannan bashin a wuyansa zai karɓi kowane aiki a kowane farashi, kuma mai shagon da ya zaɓi ya biya ma'aikatansa daidai da doka dole kwanonsa ya fi na wanda bai zaɓi haka ba tsada. In muka guje shi muka tafi wajen mai arahar to mun hukunta mai gaskiya kenan.

Wani abin da ya ƙara mun haushi shi ne yadda abincin nan ke samun daraja da zarar ya bar hannun masu shi. A 2005 wasu Turawa mata da miji suka buɗe gidan abinci a Clerkenwell suka sa masa suna Pho, ya bunƙasa ya yi rassa a faɗin ƙasar, wannan ba laifi ba ne, kasuwa ce. Amma sai suka yi wa sunan rajista a matsayin mallakinsu, a 2013 kuma lauyoyinsu suka aika wa wani ɗan ƙaramin shagon 'yan Biyetnam a Brockley mai suna Mo Pho takarda cewa ya canza suna. Sai da jama'a suka yi ca a kansu sannan suka janye suka ba da haƙuri, rajistar kuwa ba su sake ta ba sai a 2024 da aka sake taso su a TikTok. Abinci ɗaya ne, in an sa shi a shago mai fitilu masu kyau da kiɗa a hankali mutane za su biya ba musu, in yana hannun tsohuwar da uwarta ta koya mata sai a fara ciniki. Ni a ganina abin da ake sa wa farashi a nan shi ne mutumin da ya dafa da ƙasar da ya fito, kuma mu da muka san yadda ake kallon baƙar fata a ƙasar nan bai kamata a same mu cikin masu wannan awon ba.

Sai maganar tsafta da ake yawan fakewa da ita. Wannan ai ba sai an yi zato ba, hukumar kula da ingancin abinci tana da tsarin maki daga 0 zuwa 5, jami'an ƙaramar hukuma ke shiga kicin su duba, kuma ko shago bai liƙa koriyar takardar makinsa a ƙofa ba, tunda a Ingila ba dole ba ne saɓanin Wales, za ka same shi a shafin hukumar. Ka duba kawai. Tsohon tebur ba shi ne datti ba. Haka batun farin magi, wanda mu ma a gida an daɗe ana yaɗa jita-jita a kansa. Wani masanin Japan Kikunae Ikeda ne ya gano sinadarin a 1908, kuma yana nan a cikin tumatir da cuku da nama tun fil azal. Tsoron da ake yi masa a Yamma ya taso ne daga wata wasiƙa da aka buga a wata mujallar likitoci ta Amurka a 1968, aka laƙaba wa gidajen abincin 'yan Sin, binciken da aka yi ta yi daga baya bai tabbatar da wata cuta a adadin da mutane ke ci ba. Mutumin da ke cewa ba ya shiga shagon 'yan Asiya saboda magi, ledar soyayyen dankalin da ke hannunsa sau tari akwai shi a ciki.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da hujja. Ɗalibi ko mai aikin gadi ko mai kula da tsofaffi da ke tura rabin albashinsa gida, irin waɗannan shagunan ne kaɗai inda zai iya zama ya ci abinci mai zafi a waje kamar kowa, in su ma suka yi tsada ina zai je? Gaskiya ne, kuma ba shi nake wa faɗa ba. Wanda ba shi da shi ba a ce ya bayar ba. Sai dai talaucinsa ba matar da ke tsaye awa goma sha huɗu ce ta jawo ba, kuma bai dace a ce ita za ta riƙa cike giɓin da albashi da hayar Landan suka buɗe ba. Da masu hali nake, waɗanda ke kashe fam 5 a kofin gahawa ba su ji komai ba.

Mu Musulmi kuma muna da tamu damuwar ta daban wadda ta fi kuɗi muhimmanci, kuma a nan ba na goyon bayan a rufe ido. Abincin Biyetnam akwai alade sosai a ciki. Burodin nan banh mi da suka gada daga Faransawa galibi da alade ake cika shi har da niƙaƙƙiyar hantarsa, soyayyen naɗin da ake kira cha gio ko nem shi ma haka, gasasshen naman bun cha alade ne, miyar bun bo Hue duk da kalmar bo da ke cikin sunanta tana nufin naman shanu ana saka mata ƙafar alade. Pho na sa ko na kaza a asali ba alade, amma wasu gidajen suna haɗa ƙashi, ga kuma batun yanka. Matambayi ba ya ɓata. Ka tambaya cikin ladabi da me aka yi romon, naman daga ina, a mai ɗaya ake soya komai ko an raba. Abin da na lura shi ne a ƙaramin shago ka fi samun amsa ta gaskiya saboda wadda kake tambaya ita ta sayo ƙashin da hannunta, ba yaron da aka ɗauka makon jiya ba ne. Sannan suna da tsohuwar al'adar girkin da ba nama saboda mabiya addinin Buddha da ke ƙaurace wa nama a ranar 1 da 15 ga watansu, in ka ga an rubuta chay a gefen abinci to shi ne, awara da naman kaza na itace da ganye, kuma sun iya awara ƙwarai, da ciyawar nan mai ƙamshin lemo da barkono suke soya ta. Ga kifi da jatan lande. Ruwan kifin nan nuoc mam da warinsa ke korar wasu, na ainihin ƙananan kifi ne da gishiri aka jera a manyan gangunan katako aka bari kusan shekara, wanda ya fi suna na tsibirin Phu Quoc ne. Duk wanda ya tashi gidan da ake jefa daddawa a miya ya san abin da ke wari a hannu ya zama daɗi a tukunya.

Kuma kar a ɗauka ba su san Musulunci ba. Akwai al'ummar Cham Musulmi a lardin An Giang wajen Chau Doc da masallatansu a bakin kogi, a tsakiyar Saigon ma akwai babban masallacin da Musulmin kudancin Indiya suka gina a 1935. Abincin ma ya daɗe da isowa yankinmu na Afirka ta Yamma, sojojin da Faransa ta kwasa zuwa yaƙin Indochina, yankin da Biyetnam take ciki, wasunsu sun dawo Senegal da matan Biyetnam bayan 1954, shi ya sa har yau ake sayar da nem a titunan Dakar, da naman sa ko kaza ko jatan lande. Wato girkin yana karɓar halal ba tare da ya rasa komai ba, a Landan ma akwai gidajen da suka koma sayen naman halal saboda sun ga masu tambaya sun yi yawa. Sai dai naman halal da raba tukwane su ma kuɗi ne, ba zai yiwu mu nemi a yi mana wannan sannan mu dawo muna ƙorafin fam 2 ba.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. In ƙafarka za ta kai ka shagon, ka je da kanka ko ka kira lambarsu ka zo ka ɗauka, kar ka bi ta manhaja, daman pho ba ya son tafiya, taliyar kumbura take yi ganyen ya yi yaushi. In sun ƙara kuɗi kuma kana da hali ka biya, ka bar ɗan tukuici a tebur. In abincin ya yi maka ka rubuta musu alheri a intanet tunda su ba su da kuɗin talla, in wani abu bai yi ba ka faɗa wa mai shagon a fuska kafin ka kai duniya. Ƙananan hukumomi irin su Hackney da Lewisham da Southwark su ma da nasu, suna da shaguna mallakinsu da suke bayarwa haya, kuma su ke amincewa da manyan gine-ginen da ake rushe tsofaffin layukan kasuwa saboda su. Suna iya gindaya sharaɗin a ware shaguna masu sauƙin haya da yarjejeniya mai tsawo ga 'yan kasuwar da aka tarar a wurin, kuma duk mazaunin unguwa yana da damar rubuta ra'ayinsa kafin a amince da irin wannan gini, ana liƙa sanarwar a jikin turakun fitilar titi da ranar da za a rufe karɓa.